Garin tsiron dawa da aka riga aka niƙa: zai iya jiran mako biyu kafin ranar dama kunu?

Mai tambaya, daga Kaduna:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tsiro. Na jiƙa jar dawa kwano biyu, na baza ta a kan buhu na lulluɓe har ta tsira, sannan na shanya ta ta bushe, da niyyar yin kunun zaƙi mai yawa don walimar saukar karatun ƙanena. Na aiki yaro wurin mai inji ya niƙo mini kaɗan in gwada, sai mai injin ya juye duka ya niƙe. Yanzu kuma an ɗaga walimar da mako biyu, ga shi muna tsakiyar Agusta, ruwa ba ya ɗaukewa. Shin garin zai riƙe ƙarfinsa na tsinka kunu da sa masa zaƙi har zuwa lokacin, ko kuwa in haƙura in sake wani tsiron? Idan zai jira, ina ya fi dacewa in ajiye shi?

Amsa ta farko, daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mako biyu ba zai kashe garin ba, muddin danshi bai same shi ba. Abin da ke aiki a cikin tsiro sinadarai ne da ake kira amilas, waɗanda ƙwayar hatsi ke samarwa lokacin da take tsirowa, kuma su ne ke farfasa sitacin kullun da aka dafa su mayar da shi sukari, shi ya sa kunu mai kauri yake tsinkewa ya yi zaƙi idan ya kwana da tsiro. Waɗannan sinadarai suna nan kwance matuƙar garin a bushe yake, ba sa motsi sai sun ji ruwa.

Matsalar niƙa ita ce ta cire wa hatsin rigarsa. Ƙwayar da ba a fasa ba tana da ɓawon da ke kare ta, amma gari a buɗe yake ta kowane gefe, yana zuƙar laimar iska, maiƙon da ke cikin idon ƙwayar kuma yana haɗuwa da iska ya fara sauya wari. Kamfanonin da ke sarrafa tsiron sha'ir suna busar da shi har danshinsa ya sauko wajen kashi 4 zuwa 5 cikin 100, kuma duk da haka masu aiki da shi sun fi so su barza shi dab da lokacin amfani. Tsiron da aka shanya a rana cikin damina ba ya kai wa wannan bushewar, saboda haka naki ya fi bukatar kulawa. Ki zuba shi a leda mai kauri, ki matse iskar ciki, ki ɗaure, ki saka a bokitin roba mai murfi, sannan ki ɗora a kan katako nesa da bango da murhu. Idan akwai wuri a firiji, nan ma ya yi.

Amsa ta biyu, daga Jos:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ban yarda da batun firiji ba, sai dai in gidan wuta ba ta yankewa. Duk lokacin da aka ɗauke wuta firiji yana yin gumi, kuma duk lokacin da aka fito da leda mai sanyi aka buɗe ta a ɗaki mai ɗumi, raɓa ce take sauka a kan garin kai tsaye. Wanda ya zaɓi firiji dole ya bar ledar a ɗaure har sanyinta ya fita kafin ya kwance.

A unguwarmu akwai matan da sana'arsu dafa burkutu ce, kuma babu wanda ya kai su sanin halin tsiron dawa. Ban taɓa ganin sun niƙa tsiro sun ajiye ba. Suna adana shi da ƙwayarsa, sai ranar da za su ɗora tukunya ko jajiberinta suke kai wa inji. Kafin ki ɗaure naki, 'yar'uwa, ki damƙi garin a tafin hannunki ki saki. Idan ya watse, ya bushe. Idan ya dunƙule ya riƙe shatin yatsunki, to akwai sauran laima, kuma rufe shi a haka gayyatar fumfuna ce. Ki baza shi siriri a faranti duk sa'ar da rana ta leƙo, ki yana shi da mayafi saboda ƙuda, ya huce tukuna kafin ya shiga leda. Kada ki soya shi a kasko don ya bushe da sauri, domin zafi mai yawa yana kashe ƙarfin da kike son adanawa.

Ina kuma da tambaya: kin murje saiwoyi da tohon kafin a kai niƙa? Tohon dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin dafin sayanayid, wanda shi ne ke illata dabbobin da suka ci ɗanyar dawa ƙarama a gona, kuma yana sa ɗaci.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Yaya. Na murje su a tabarma na sheƙe sosai kafin yaron ya ɗauka. Na gwada damƙar garin kuma ya ɗan dunƙule, don haka zan sake shanya shi. To ta yaya zan tabbatar bai mutu ba kafin in zuba shi a kunun jama'a?

Amsa ta uku, daga Maraɗi:

Hanyar mai sauƙi ce, Hajiya. Kwana biyu kafin walimar ki dama koko mai kauri kofi ɗaya, ki bar shi ya sha iska har ya zama da ɗumi sosai amma ba ya ƙona yatsa, ki barbaɗa cokali ɗaya na garin ki juya. Idan tsiron yana da rai, cikin 'yan mintoci kokon zai saki ya tsinke. Idan ya yi jinkiri, sai ki ƙara yawan garin a ranar aiki, ko ki haɗa da niƙaƙƙen ɗanyen dankalin Hausa kamar yadda masu kunu da yawa suke yi. Amma idan kika ga kore-kore ko baƙi-baƙi a jikinsa, ko kika ji warin ruma, ki zubar da shi gaba ɗaya, kada ki tankaɗe ki ce kin cire, domin gubar da wasu nau'o'in fumfuna ke bari a hatsi, irin su afilatoksin, tafasa ba ta kawar da ita. Ko kaji ma kada a ba su.