Taƙaitawa: A Koma Windows 11 Ko A Tsaya A 10?

Ga abin da na tsinto daga muhawarar da aka yi kan ko masu kwamfuta su koma Windows 11 ko su tsaya a Windows 10:

1. Kowa ya yarda Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025.

2. Kafin komai, a duba na'ura. Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0 (wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta), RAM 4GB da wurin ajiya 64GB. Yawancin kwamfutocin gwanjo masu processor (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na Intel da bai kai zubi na 8 (8th Gen) ba, ba su cancanta ba.

3. A kwafe fayiloli tukuna kafin a sauya.

Inda aka rabu: wasu sun ce a tilasta wa Windows 11 hawa tsohuwar na'ura, masu gyaran kwamfuta suka ce idan aka yi haka sabuntawa na iya tsayawa. Ni ina tare da masu gyara. Kaɗan sun kawo Linux Mint (wani tsarin kwamfuta da ake sawa a madadin Windows), amma masu aiki da manhajar zane ta CorelDRAW suka ce a kai kasuwa.