An ce in sa alama a kan inbois ɗin da ban gani ba, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, musamman daga yayyenmu da suka taɓa aikin odit, wato binciken lissafin kuɗi.

Ni ɗaliba ce mai karatun akanta, an tura ni sanin makamar aiki na shekara guda a wani kamfanin akantoci, sashen binciken kuɗi. Yau wata huɗu ke nan. Abin da na zata daban, abin da na tarar daban. Na ɗauka zan riƙa bankaɗo almundahana, sai ga ni kullum gaban Excel, a ba ni jerin lambobi in nemo inbois ɗinsu, wato takardar da mai kaya ke bayarwa ta kuɗin abin da ya sayar, in duba kwanan wata da adadi da sunan mai kaya, in sa alama. In na gama a ƙaro wani jerin. Har na fara tunanin roƙon makaranta ta sauya mini wuri.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. A makon nan an ba ni sayayya 40 in bi diddiginsu a wani kamfani da muke bincika. Na samu takardun 37. Uku sun ƙi fitowa, akantan can kullum sai ya ce gobe. Da na faɗa wa ogan da ke kula da aikina, sai ya ce lokaci ya ƙure, kuma kuɗin ba su taka kara sun karya ba, in sa musu alama kamar sauran mu wuce. Sunana ne zai fito a takardar aiki a matsayin wadda ta duba. Shi ne kuma zai rubuta rahoton da za a aika wa makaranta a kaina. Ya zan yi?

Wani tsohon odita:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki sa alamar nan. Alama a takardar odit shaida ce, ma'anarta "ni da idona na ga takardar, kuma ta dace da abin da ke cikin littafi". Ranar da aka zo duba fayil ba za a tambayi wanda ya ce ki sa ba, sunan da ke rubuce za a nema.

Kuma ba sai kin yi fito-na-fito da kowa ba. A gaban waɗannan ukun ki rubuta abin da ya faru: an nemi inbois ranar kaza, an sake nema ranar kaza, ba a kawo ba. Ki bar gurbin alamar a buɗe. Ƙa'idar rubuta aikin odit, ISA 230, cewa ta yi a rubuta aiki yadda ƙwararren odita da bai san komai a kan binciken ba zai karanta ya gane abin da aka yi, wanda ya yi, da ranar da aka yi. Fayil ɗin kuma ba ya mutuwa da tafiyarki, ana ajiye shi aƙalla shekara 5 daga ranar rahoto. Kin gama makaranta, kin manta da maganar, alamarki tana nan.

Shi kuwa ogan naki, in yana ganin kuɗin ba su kai a damu da su ba, yana da ikon yanke wannan hukunci. To ya rubuta da sunansa da dalilinsa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ari hannunki.

Wani mamba:

Ni a ganina abin bai kai haka ba. Ki zaɓi wasu uku daga cikin littafin waɗanda takardunsu ke kusa, ki maye gurbinsu, 40 ɗinki ta cika. Kowa ya huta.

Wata da ke aikin odit yanzu:

A'a ɗan uwa, wannan shawarar ita ce za ta jefa ta a rami. Amfanin zaɓen samfur, wato tsamo kaɗan daga cikin sayayyar a gwada, shi ne ba ka san wanda zai faɗo maka ba. In duk wanda ya yi gardama ka ajiye shi ka ɗauki mai sauƙi, to ka binciki masu lafiya ne kawai ka bar mara lafiya a ɗaka. Ƙa'idar zaɓen samfur a odit, ISA 530, ta bambance abin a fili. Ana sauya wanda aka zaɓa ne idan gwajin bai shafe shi ba, misali cekin da aka soke kuma aka tabbatar an soke shi yadda ya dace. Amma idan takarda ce ta ɓace, sai a nemi wata hanyar tabbatarwa, in ita ma ta gagara a ƙirga shi a matsayin kuskure.

Ƙanwata, wata hanyar nan ita ce za ta fitar da ke, kuma ita ce ainihin aikin da kika zo koya. Inbois ba shi kaɗai ne shaidar sayayya ba. Akwai takardar oda, akwai takardar karɓar kaya a sito, akwai bayanin asusun banki da zai nuna an biya, akwai kuma lissafin da mai kayan ke aikowa a ƙarshen wata. Je ki ki nemi waɗannan. Sannan ki koma wa oganki, ba da "ban samu ba" ba, sai da "ban samu inbois ba, amma ga abin da na samu, kana ganin ya isa?" Mutumin da lokaci ya ƙure wa ya fi son a kawo masa mafita da a kawo masa wa'azi.

Wani abu kuma: ki daina bin akantan can da baki. Ki aika masa imel, lambobin uku a jere, ki sa oganki a cikin waɗanda za su gani. Goben da ake faɗa da baki ba ta da ranar zuwa.

Wani malamin akanta:

'Yata, bari in taɓa ɓangaren gundurar, tunda kowa ya tafi kan inbois. Kada ki nemi sauyin wuri. Aikin da kike rainawa shi ne inda manyan badaƙala ke ɓuya. Kamfanin Wirecard na Jamus ya rushe a watan Yuni 2020 a kan Yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a wasu bankuna biyu a Filifin, bankunan suka ce takardun na bogi ne. Tambayar da ta tona asirin ita ce wadda ake koya wa sabon shiga a watansa na farko: kuɗin nan da aka rubuta, bankin da kansa ya tabbatar suna nan? Kafin nan kuma akwai Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin akantoci biyar na duniya, wanda ya durƙushe a 2002 bayan badaƙalar kamfanin Enron na Amurka. Shi ya sa yau ake cewa manya huɗu: Deloitte, PwC, EY da KPMG.

Wata huɗu kuma ba ki ga komai ba tukuna. Shekarar odit tana da yanayi. Ki roƙa a tafi da ke ƙidayar kaya a sito a ƙarshen shekarar kuɗi, can za ki ga yadda lamba a takarda ke zama kwali a kan kanta. Ki roƙa a ba ki daidaita lissafin banki da na littafi daga farko har ƙarshe. Kuma duk gwajin da aka ba ki, ki tambaya me ake tsoro da ya sa ake yin sa. Wanda ya ɗauko daga littafi ya nemi takarda, yana tsoron a rubuta abin da bai faru ba ne. Wanda ya ɗauko daga takarda ya nemi littafi, yana tsoron a ɓoye abin da ya faru. Ɗalibai da yawa suna gama shekarar ba su gane bambancin nan ba, sai a jarrabawa su zo suna haddacewa.

In kina da niyyar shiga ACCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci, suna neman wata 36 na aiki, kuma irin wannan zaman na iya shiga lissafi idan ƙwararren akanta ya sa miki hannu. Ki fara rubuta abin da kike yi tun yanzu.

Wata da ta yi irin wannan zaman:

Batun rahoto ne na san yana cin ranki, don ni ma ya ci nawa. Ki sani ba shi kaɗai ke ganin aikinki ba, manaja na bitar fayil bayansa. In ya sake matsa miki bayan kin kawo masa sauran takardun, ki ce da shi cikin ladabi, "Oga, ina tsoron kada manaja ya tambaye ni a kansu in rasa amsa, ko mu nuna masa tare?" Ba ki kai ƙararsa ba, ba ki kuma ɗauki kayansa a kanki ba. Ki kuma sanar da malamin da ke kula da ke daga makaranta, ba sai kin ambaci sunan kamfanin da ake bincika ba, wannan sirrin aiki ne. Yadda ba ki ambata a nan ba ma kin kyauta.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai yayyena, Allah ya saka da alheri. Na aika imel ɗin da safe, kafin a tashi aiki inbois biyu suka fito. Na ukun har yanzu shiru, amma na samu takardar karɓar kayan a sito, sai na ga kayan sun shigo kwana huɗu bayan rufe shekarar kuɗi, alhali an rubuta sayayyar a shekarar da ta ƙare. Na nuna wa oga, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya ce in ciro masa duk sayayyar makon ƙarshe da ta makon farko. Anti mai aikin odit, don Allah in zan jera su, da kwanan watan inbois zan bi ko da na shigowar kaya?