Me ya sa jini ke yin ƙasa alhali akwai sinadarin ƙarfe a ajiye a jiki?

Ɗalibar jinya:
Assalamu alaikum. A asibitin da nake koyon aiki akwai wani dattijo mai fama da daɗaɗɗen ciwon gaɓɓai. Jininsa ya yi ƙasa, ƙwayoyin ƙarin jini masu ɗauke da ƙarfe ba su tsinana masa komai ba, amma gwaji ya nuna feritin ɗinsa, wato furotin da ke ajiye ƙarfe a jiki, a sama yake. Ta yaya hakan ke faruwa?

Malamin kimiyyar jiki:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Baligi yana ɗauke da ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, kuma kusan kashi biyu bisa uku yana cikin himogulobin, wato furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Abin da farkon ƙaramin hanji ke tsotsa daga abinci bai wuce miligiram 1 zuwa 2 a rana ba, alhali ɓargo, inda ake samar da sababbin jajayen ƙwayoyin jini, yana buƙatar kusan 20 zuwa 25. Ragowar daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin yake fitowa, domin idan suka cika kwana 120 ko kusa da haka, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki a saifa da hanta kan haɗiye su, su ciro ƙarfen, sannan furotin mai suna tiransferin ya ɗauke shi ta cikin jini zuwa ɓargo.

Likitan jini:
Malam ya shimfiɗa tushe, amma amsar tambayarki tana ga wani sinadari mai suna hefsidin, wanda hanta ke samarwa. Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe da gangan, saboda haka a wajen shiga yake taka birki. Ƙofa ɗaya ce ƙarfe ke bi ya fito daga ƙwayoyin hanji da na ajiya zuwa cikin jini, wato ferofotin, kuma hefsidin kan manne mata har a lalata ta. Kumburi mai daɗewa, irin wanda ciwon gaɓɓai kan zo da shi, yana sa hanta ta yawaita hefsidin, sai ƙarfen ya maƙale a ma'ajiyarsa, na cikin maganin ma kaɗan ne ke tsallake hanji. Dabara ce ta hana ƙwayoyin cuta samun ƙarfe, sai dai idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ɓargo ne ke ji a jikinsa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
A yi hattara da feritin, domin kumburi shi kaɗai yana iya ɗaga shi, ya ɓoye ƙarancin ƙarfe na gaske. Shi ya sa likita kan nemi a auna yawan ƙarfen da tiransferin ke ɗauke da shi, tare da alamun kumburi a jini, kafin ya yanke ko za a ba da ƙarfen ta jijiya.