Shawarwari kan ciwon da ke biyo bayan barin taramol

A zaman da wasu 'yan acaɓa suka yi da wata ma'aikaciyar jinya a birnin Garwa na ƙasar Kamaru, tambayar da ta fi yawa ita ce dalilin da wanda ke shan taramol jefi-jefi, don nishaɗi, yake jin jiki idan ya daina. Ta ce taramol dangin kodin ne, kuma jiki kan saba da shi idan aka jera kwanaki ana sha, ko da mai shan bai ɗauki kansa mashayi ba.

Alamomin sukan fara cikin kwana guda: hamma, zufa, yoyon hanci, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, har wasu su zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Sukan tsananta a kwana na 2 ko na 3, su lafa cikin kusan mako guda, amma ƙuncin zuciya kan daɗe.

Aka shawarci mai gudawa ya riƙa shan ruwan gishiri da sukari, shi kuma wanda ya daɗe yana shan taramol ya nemi likita ya rage masa sannu a hankali. Gargaɗin da ya fi nauyi, a ganina, shi ne cewa komawa adadin dā bayan hutu, ko haɗa taramol da giya ko ƙwayar sa barci ta diazepam, na iya tsayar da numfashi.