Wa ke ƙirga masu amfani da manhajojin ces?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koya wa matasa ces, darar Turawa, a nan Damagaram, kuma muna son sayen manhaja. Wani rahoto ya raba kasuwar kashi-kashi tsakanin manhajar Fritz ta kamfanin ChessBase da sauransu, bai faɗi inda ya samo alƙaluman ba.

Ga abin da ya ɗaure mini kai: manhajar Stockfish kyauta ce, da ita shafin wasan ces na Lichess ke amfani, yarana ma salula zuwa salula suke tura wa juna. Wa ya ƙirga su? Chess.com, wani shafin wasan ces, ya ce ya kai mambobi miliyan 100 a 2022. Rajista ce kawai, ko masu wasa da gaske?

Don Allah, ciniki ake ƙirgawa ko amfani? Kuɗin karo-karo ne a hannuna, ina tsoron ɓarnatar da su.