Wai sata ce? Rigimar hoton na'ura ta raba kan zaure

Mai Kyamara: Jama'a ku yi haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Na shiga wata gasar hoto da hoton da na sha wuya kafin in samu hasken da nake so. Sakamako ya fito, wanda ya zo na ɗaya ko kyamara bai riƙe ba, rubutu kawai ya yi wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa masa hoto. Ba zan kira sunan gasar ba. Maganata ita ce, tun da manhajojin nan suka shigo ba a gano wani sabon abu ba, ko a zane, ko a hoto, ko a tsara fasali. Duk wanda ya taɓa buɗe sabuwar hanya, da idonsa da hannunsa ya buɗe ta. Abin da ake yi yanzu sata ce tsagwaronta.

Mai Tsara Tambari: Yallabai sannu da haƙuri, amma ka janye kalmar sata. Da manhajar nan nake fitar da samfurin farko kafin in zauna in gyara da hannuna. Ɗakin wa na fasa?

Ɗalibar Zane: Yaya, ba sai ka fasa ɗaki ba. Manhajar da kake taƙama da ita da hotunan mutane aka koyar da ita, miliyoyi, aka kwaso daga intanet ba tare da an tambayi masu su ba. Kamfanin sayar da hotuna na Getty Images ma ya maka Stability AI, mai irin wannan manhaja, a kotu a 2023 a kan haka. Idan ba sata ba ce, me ya kai su gaban alƙali?

Mai Tsara Tambari: Kai ƙara ai ba hukunci ba ne ƙanwata. Ke da kike makaranta, ba ayyukan magabata ake ajiye muku ku kwaikwaya ba? Kin taɓa neman izinin wani a cikinsu?

Ɗalibar Zane: Kwaikwayo daban, kwasa daban.

Dattijon Studiyo: Yara ku saurara. A 2023 wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya ci kyauta a gasar hoto ta duniya da Sony ke ɗaukar nauyi, da hoton wasu mata biyu mai kama da tsohon baƙi da fari. Da aka zo bikin a Landan sai ya ƙi karɓa, ya ce ba hoto ba ne, na'ura ce ta haɗa, kuma bai kamata a gwama su a gasa ɗaya ba. Mai abin da bakinsa ya ce ba hoto ba ne. Me ya rage?

Mai Tsara Tambari: Baba, da girmanka. Ya ce ba hoto ba ne, amma bai ce sata ba ce. Har yau yana aiki da na'urar.

Ɗan Burushi: Ni dariya ma kuke ba ni, masu hoto. Yau ku ne ke kukan na'ura? Kyamara fa? Ba na'ura ba ce? Da aka fito da ita a Faransa a 1839, haka masu zane suka yi ta ƙorafi. A 1859 marubucin waƙoƙi na Faransa Baudelaire ya rubuta cewa hoto mafakar waɗanda zane ya gagara ne, marasa baiwa da ragwaye. Kun danna maɓalli shekara ɗari da tamanin kuna cewa fasaha ce, yanzu an samu wanda ya fi ku saurin dannawa, sai ku ɗanɗana.

Mai Kyamara: Malam, wa ya kira ka? Maganar sabon abu nake yi, ba maganar maɓalli ba.

Hajiya Mai Hoto: Ɗan Burushi, ka iya bakinka. Danna maɓalli ne ya sa aka ba Malick Sidibé na Bamako kyautar Zakin Zinariya a baje kolin Venis a 2007, shi ne mai hoto na farko da aka ba ta don aikin rayuwarsa? Ka je ka ga yadda ya kama samari da 'yan mata suna rawa cikin dare, kamar ka ji kiɗan. Sannan J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya, daga 1968 ya bi kitson mata yana ɗauka, kusan hoto dubu, da yawa daga ƙeya ya ɗauka, fuska ba ta fito ba, sai kitson ya tsaya kamar gini. Wa ya taɓa kallon kitso haka kafin shi? Wannan shi ne ganowa. Kai me ka gano ban da ɓata riga da fenti?

Ɗan Burushi: Hajiya ranki ya daɗe, ke kika kawo makamin da za a sare ki. Kitson nan wa ta yi shi? Mai kitso. Sunan wa ke jikin bango a gidajen baje koli? Nasa. To bisa ma'aunin Ɗalibar Zane, shi ma sata ya yi ke nan.

Hajiya Mai Hoto: A'uzubillahi. Matan nan zama suka yi ya ɗauke su, suna sane. Ka taɓa ganin ɓarawon da mai kaya ya gyara masa zama?

Ɗalibar Zane: Kada ka sa ni a ciki Malam, ban ce haka ba.

Ɗan Burushi: Kin ce ɗaukar aikin wani.

Ɗalibar Zane: Na ce ba izini. Koma sama ka karanta.

Mai Sassaƙa: Ni dai ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Tambayar Mai Kyamara ita ce ko ana gano sabon abu. Ku dubi El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka. Murafun kwalabe da aka zubar ya tsinta, ya baje su, ya ɗinke da siririyar wayar jan ƙarfe, suka zama wani makeken zani mai ƙyalli da ke rufe bango guda. Abin mamakin, ba ya tsayawa siffa ɗaya, duk inda aka rataye shi yadda masu ratayawa suka lanƙwasa shi haka zai fito. Ƙarfe ne amma yana zubowa kamar yadi. A 2023 ya cika babban zauren gidan baje kolin Tate Modern a Landan da irin wannan aiki. Sai da ya taɓa abin, ya lanƙwasa, ya ga yadda yake bin hannu, sannan dabarar ta zo masa. Manhaja ba ta da yatsun da murfin kwalba zai yanka.

Mai Tsara Tambari: Kyakkyawan misali, na gode. Amma ka faɗa musu cewa ma'aikata ne da yawa ke zama suna ɗinke murafun, shi yana ba da umarni. Ni ma umarni nake bayarwa. Shi gwani, ni ɓarawo?

Mai Sassaƙa: Shi yana biyan nasa ma'aikatan. Kai wa ka biya cikin masu hotunan da aka kwasa?

Sabon Shiga: Salamu alaikum. Ni ban san komai a harkar nan ba, amma ba ku ne kuka sayar da ayaba ba? 😂

Dattijon Studiyo: Ba mu ba ne ɗana. Wani ɗan Italiya ne, Maurizio Cattelan, ya manna ayaba a bango da salatef a 2019, aka saya dala 120,000. A 2024 aka yi gwanjonta a Sotheby's ta kai dala miliyan 6.2, wanda ya saya kuma ya ɓare ta ya cinye a gaban 'yan jarida. Ka tambayi su Ɗan Burushi, 'yan gidansu ne.

Ɗan Burushi: Baba kada ka jingina mini ayaba. Ni mai fenti ne. Wannan jikokin Duchamp ne, wanda ya kai kaskon fitsari baje koli a 1917 ya sa masa hannu da sunan bogi. Shi ma ba shi ya ƙera kaskon ba, saya ya yi.

Sabon Shiga: To wannan ai ita ce satar, kun bar ta kuna bin mai kwamfuta.

Hajiya Mai Hoto: Wanda ya sayi ayaba da kuɗinsa ba a yi masa sata ba, wauta ya yi.

Mai Tsara Tambari: Mu dawo kan wahala, tunda ita ake yi mana gori da ita. Jason Allen da ya ci gasar zane a jihar Kolorado a 2022 da manhajar haɗa hoto ta Midjourney ya ce sai da ya sake umarni sau 624 kafin ya samu abin da yake so, ya kuma gyara a Photoshop. Wannan zaman banza ne?

Ɗalibar Zane: Ka ƙarasa labarin mana Yaya. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi masa rajistar hoton a 2023, don kaso mai yawa ba aikin ɗan'adam ba ne. Ya sha wahala, amma an ce ba nasa ba ne.

Mai Tsara Tambari: An ce ba nasa ba ne, ba a ce na wani ya ɗauka ba. Ku daina cusa kalmar nan inda ba a sa ta ba.

Dattijon Studiyo: Ni wanda ya burge ni Miles Astray ne. A 2024 ya ɗauki hoton tsuntsun filamingo na gaske, wanda ya cusa kansa cikin jikinsa kamar ba shi da kai, ya shigar da shi rukunin hotunan na'ura a wata gasa. Alƙalai suka ba shi na uku, jama'a suka zaɓe shi. Da ya fallasa kansa aka ƙwace kyautar.

Mai Tsara Tambari: To ka ga mai kyamara ya yi ha'inci a gasarmu, Baba kana tafa masa.

Dattijon Studiyo: Darasi ya koya muku.

Mai Kyamara: Wallahi kun ba ni mamaki. Ko mutum ɗaya bai ce in turo hoton nawa ya gani ba.

Ɗan Burushi: Turo mana, mu ga ko alƙalan sun yi gaskiya.

Mai Kyamara: Na fasa.

Shugabar Zaure: To jama'a ya isa haka, zan rufe. Ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda cewa hoto sai da kyamara da ido, kamar yadda Baba da Hajiya suka kawo hujjoji masu ƙarfi, su Sidibé da Ojeikere da shi Bajamushen da ya mayar da kyauta. Ƙanwarmu Ɗalibar Zane ta yi ƙoƙari sosai, Allah ya ƙara basira. Mai Tsara Tambari ya kare sana'arsa, wannan haƙƙinsa ne, sai dai ban ga inda ya amsa tambayar wa ya biya ba. Kalmar sata wasu na ganin ta yi nauyi, ni da na yi shekaru a ɗakin wanke hoto ban ga nauyinta ba. Ɗan Burushi, maganar danna maɓalli ba ta dace da zauren da yawancinmu masu hoto ne ba, wannan gargaɗi ne na farko. Daga yau duk wanda zai turo aikin na'ura ya rubuta a ƙasa cewa na na'ura ne, in ba haka ba zan goge. Zancen ayaba kuma wanda ya sake tayar da shi zan fitar da shi na kwana uku.