Majinar da ke gangarowa maƙogwaro ta bayan hanci: me ke aiki?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kuka ɗaya ake ta kawowa: mutum ba mura yake yi ba, amma kullum yana jin majina na sauka ta bayan hanci zuwa maƙogwaro, sai gyaran murya, sai kaki, da dare kuma tari ya hana barci. Ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu da waɗanda suka daɗe da sanin abin, a taimaka da abin da aka ga amfaninsa. A faɗi awo da adadin kwanaki.

Malam Nas:
Wa alaikumus salam Hajiya. Saukar majinar ba ita ce cutar ba. Hanci da kogunan ƙashin fuska na lafiyayyen mutum suna yin majina wajen lita ɗaya a yini, wasu siraran gashi da ido ba ya gani suna tura ta baya, muna haɗiyewa ba mu sani ba. Sai ta yi yawa, ko ta yi kauri, ko maƙogwaro ya ji rauni, sannan a fara jin ta. Don haka abin tambaya shi ne me ya canza ta.

Idan tsinkakkiya ce kamar ruwa, ga atishawa a jere, ga ƙaiƙayin hanci da ido, alaji ne galibi, wato jiki bai jitu da wani abu ba: ƙura, gashin kyanwa, garin furanni, hayaƙi, turare mai ƙarfi. Idan mai kauri ce, hanci a toshe, fuska na nauyi in an sunkuya, ƙamshi ya ragu, a duba kumburin kogunan hanci. Idan kuma hancin garau yake, amma ana tashi da dasasshiyar murya da jin wani abu ya tokare wuya, to daga ciki ne: ruwan tsamin ciki ke hawowa. Da yawan masu wannan matsalar ba sa ma jin ƙwannafi, shi ya sa ake shekara ana bin hanci da magani a banza.

Mai Haɗa Magani:
Na fi yarda da wankin hanci da ruwan gishiri a kan komai, in an yi shi daidai. A tafasa ruwa minti 3 zuwa 5, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. A auni mililita 240, a zuba rabin cokalin shayi na gishiri marar ayodin, da kwatan cokalin shayi na bekin soda. A zuba a kwalbar wankin hanci ko babban sirinji marar allura. A sunkuya, a karkata kai, baki a buɗe ana numfashi ta nan, a matsa a hankali ta kafar hanci ɗaya har ya fito ta ɗayar. Rabi nan, rabi can, sau ɗaya ko biyu a rana.

Inda ake kuskure: ruwa zalla ba gishiri yana zafi sosai, haka ma in gishirin ya zarce. Face hanci da ƙarfi bayan wanki yana tura ruwa kunne. Ruwan da ba a tafasa ba kuwa kada a kuskura, akwai wata ƙwayar amiba mai suna Naegleria fowleri da ke bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Ba a cika samu ba, amma kisa take yi. A wanke kwalbar a bar ta ta bushe, haɗin kuma kada ya kwana biyu. Mai ciwon kunne ya dakata tukuna.

Uwar Biyu:
Malam, su kuma masu cewa maganin fesawa bai yi musu komai ba fa?

Mai Haɗa Magani:
Iri biyu ne Hajiya, ana rikita su. Akwai mai buɗe hanci nan take, irin oxymetazoline da xylometazoline. Daɗinsa ne tarkonsa: in aka wuce kwana 3 zuwa 5, da ya saki sai hancin ya toshe fiye da da, a sake fesawa, shi ke nan an ɗaure. Akwai kuma mai rage kumburi, irin fluticasone, mometasone da beclomethasone. Shi ba ya aiki rana ɗaya, sai an jera kullum, cikakken amfaninsa yakan kai mako biyu. Mutane kan watsar a kwana na uku.

Fesawar ma da yadda ake yi. A fara wanke hanci, a girgiza kwalba, a ɗan sunkuyar da kai. Hannun dama ya fesa kafar hagu, na hagu ya fesa ta dama, bakin kwalbar na kallon wajen kunne. In aka saita shi ga guringuntsin tsakiya, haɓo ne zai biyo baya. A shaƙa a hankali. Wanda ya ji ɗacinsa a maƙogwaro ya zuƙa da ƙarfi, maganin ya wuce inda ake so.

Yaya Babba:
Ni ban ga laifin ƙwayar magani ba ga mai alaji. Cetirizine ko loratadine miligiram 10 sau ɗaya a rana ga babba.

Malam Nas:
Haka ne Yaya, amma ga tsinkakkiyar majina. Tsofaffin magungunan alaji irin chlorpheniramine suna sa barci, suna kuma busar da majina, mai kauri sai ta ƙara danƙo ta manne. Haɗe-haɗen maganin mura masu pseudoephedrine suna ɗaga jini, mai hawan jini ya kiyaye. A nan ma, duk mai shan maganin hawan jini irin lisinopril ko captopril da ya kamu da busasshen tari mai ƙaiƙayi, ya gaya wa likitansa. Maganin kan jawo haka, canza shi ake yi, ba a dainawa gaba gaɗi.

Batun antibayotik kuma: koren majina kaɗai ba hujja ba ne, launin daga ƙwayoyin garkuwar jiki yake. Ana tunaninsa ne in abin ya wuce kwana 10 ba sauƙi, ko an fara warkewa ya dawo da ƙarfi, ko ga zazzaɓi mai zafi da ciwon fuska.

Anti Malama:
Gyaran muryar nan da kansa yana raya matsalar. Kowane "ehem" igiyoyin murya ne ke bugun juna, su kumbura, a ƙara jin kamar da abu. In ya taso a kurɓi ruwa, a haɗiye da ƙarfi sau biyu. Masu hawan tsamin ciki kuma su bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, a ɗaga ƙafafun gado na wajen kai santimita 15 zuwa 20. Tara filo ba ya yi, lanƙwasa mutum yake ya matse ciki. Sigari kuwa tana kashe aikin gashin nan da Malam ya ambata.

Malam Nas:
Waɗannan ba na gida ba ne, asibiti za a nufa: jini ko toshewa ta kafa ɗaya kullum, dasashewar murya fiye da mako uku, wahalar haɗiya, rama, tarin jini, ko tari sama da mako biyu da zufar dare, wanda sai an gwada tarin fuka. Ruwa garai mai ɗiga ta kafa ɗaya bayan buguwa a kai na gaggawa ne. Yaron da majina mai wari ke fita ta kafa ɗaya, yawanci wani abu ya cusa. Kada a zaƙulo da tsinke, turawa ciki ake yi.